Makarantarmu za ta riƙa tura mu ƙauye koyarwa ran Asabar, ina neman shawara

Malamar CE1, Hausare, Garwa:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana malamai. Ina koyar da aji uku, wato CE1, a wata firamare a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma bana direktanmu ya zo da wani shiri da nake son jin bakin waɗanda suka riga ni sanin hanya. Shi da ƙungiyar iyayen yara sun yanke cewa tun da ruwa ya ɗauke, hanya ta fara bushewa, za a riƙa ɗibar malamai biyu-biyu ana kai su wasu ƙauyuka da ke can bayan Pitowa, ta wajen Mayo Kebi. Wannan Asabar a je, ta gaba a huta, haka har faɗuwar damina. Wani ɗan kasuwa cikin iyayen yaranmu ya ɗauki nauyin man babur da alli da littattafan rubutu, Allah ya saka masa da alheri. Ni na miƙa sunana da kaina, maigidana ya amince, mahaifiyata ce dai har yanzu hankalinta bai kwanta ba.

Makon jiya aka kai mu muka gano wuraren da idonmu. Babban ƙauyen yana da rumfar zana guda, yara na zaune a kan duwatsu da guntayen itace, allon kuwa wani falle ne na katako da aka shafa wa baƙin fenti. Mai koyar da su wani saurayi ne ɗan garin, ya kai aji huɗu a sakandare bai samu BEPC ba, wato takardar jarrabawar ƙarshen ajin, ya dawo gida. Iyaye ne ke biyansa, da kaka su haɗa masa masara da gyaɗa. Shi kaɗai yake riƙe da yara tun daga masu shekara biyar har waɗanda suka fara tsayin ubanninsu. Ƙauye na biyu babu boko ko kaɗan, sai makarantar allo ta wani dattijon alaramma. Na ukun ba ƙauye ba ne sosai, rugar Mbororo ce da ke zama a wurin har ciyawa ta ƙare. Makarantar gwamnati mafi kusa tana da nisan da ƙaramin yaro ba zai iya zuwa ya dawo a ƙafa ba, ga mayo, wato rafi, a tsakani, da damina ba mai tsallake shi sai gwani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne harshe. A rumfar nan ɗaya na ji Fulatanci, na ji Tufuri, na ji Mafa, ga 'ya'yan Hausawa masu sayen gyaɗa su ma 'yan kaɗan. Na gaishe su da Faransanci suka amsa baki ɗaya da ƙarfi, na tambayi wata yarinya sunanta sai ta sake maimaita gaisuwar. Na kuma ce duk wanda yake da takardar haihuwa ya ɗaga hannu, saurayin ya fassara musu, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

To ga tambayoyina. A wuni guda cikin mako biyu me mutum zai koyar da zai zauna? In ɗauki tsarin SIL, wato ajin farko na firamare, in bi shi daga farko, ko yaya? Da wane harshe? Yaya zan yi 'yan mata su zo, don a rumfar nan maza sun ninka su nesa ba kusa ba? Sannan wasu abokan aikina sun ce mu tara tsofaffin kaya da biskit mu tafi da su ranar farko don yara su saba da mu, zuciyata ba ta kwanta da hakan ba amma ban iya faɗin dalili ba. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki, ko aka taɓa yi a garinsu, don Allah ya taimake ni.

Tsohon Direkta, Marwa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya sa a mizani. Na yi aikin malanta a ƙauyukan Diyamare da Mayo Danay kafin in huta, kuma na ga irin wannan shiri ya zo ya wuce ba sau ɗaya ba, don haka bari in yi miki magana ba ɓoye-ɓoye.

Fara da lissafi. Daga Nuwamba zuwa Mayu wata bakwai ne. Zuwa biyu a wata, sha huɗu ke nan. Cire hutun ƙarshen shekara, cire makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu da ba malamin da ke samun kansa, cire Asabar ɗin da za ta faɗo kan Salla ko rasuwa ko babur ya lalace. In kun yi goma kun yi ƙoƙari. Yaron da ke ajinki a Garwa yana samun kwana goma na karatu a mako biyu. To ki ga, duk zirga-zirgar da za ku yi a shekara ba ta wuce mako biyu na lakwal, wato makarantar boko, ba. Ba wanda ya taɓa koyon karatu a mako biyu, balle a rarrabe. In kika ce ke za ki koyar da yaran nan da kanki, zai zama kamar yayyafi a kan rairayin mayo a watan Afirilu, kafin ki juyo ya bushe.

Saboda haka ɗalibinki na gaskiya shi ne saurayin nan mai rumfa. Shi ne yake nan Litinin, yake nan Talata, yake jin harsunan yaran, ya san uban kowa. Tun da shugaban ƙasa ya soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati a shekarar 2000 yara suka ƙaru, malaman da gwamnati ke ɗauka ba su ƙaru daidai da su ba, musamman a nan Arewa. Waɗannan malaman iyaye su suka toshe ramin, har a cikin makarantun gwamnatin kansu, kuma mafi yawansu ba wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu yadda ake shirya darasi. Yadda aka koyar da su haka suke koyarwa: a rubuta a allo, a maimaita da ƙarfi, wanda ya kasa a tsula masa bulala. Abin da kika gani ke nan da yarinyar nan ta mayar miki da gaisuwa.

Ga yadda zan so ki raba wuninki. Da safe ki bar shi ya koyar, ke ki zauna a baya kamar baƙuwa, kada ki ce uffan. Sannan ki karɓi allin ki yi darasi guda gajere yana kallo. In yara sun tashi, ku zauna a inuwa ku biyu da abokin tafiyarki, ku rubuta masa abin da zai yi kowace rana har ku dawo: Litinin baƙi kaza, Talata a haɗa shi da wasali kaza, Laraba ƙirge da tsakuwa daga kaza zuwa kaza. A littafi guda, da hannunsa, ba a takardu warwatse ba. In kun dawo, littafin nan za ku fara buɗewa. Kuma ina roƙonki, ko da ya rubuta kuskure a allo, kada ki gyara shi a gaban yara. Ke za ki hau babur ki koma Garwa, shi zai kwana da su. Ranar da yara suka gane cewa madam ta birni ta fi malaminsu sani har ta kunyata shi, ranar rumfar nan ta fara mutuwa. In kina son ki yi masa alherin da ba zai manta ba, ki ƙarfafa masa ya sake zama jarrabawar BEPC daga waje, ki riƙa kawo masa tsofaffin tambayoyi.

Sai maganar shiga gari. Kada ku dogara da cewa an riga an kai ku an nuna muku. Direktanku ya samo takarda daga insfektan firamare na gundumar da ƙauyukan suke, ba na Garwa kaɗai ba, a kuma sanar da sufirefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumar. Bayan nan a je a gai da lamiɗo, shi zai haɗa ku da lawan, lawan ya miƙa ku ga jauro, wato mai ƙauyen. Na san hanyar tana da tsawo, amma in kun tsallake mutum ɗaya, ba zai hana ku a fili ba, sai dai ku riƙa zuwa kuna tarar da rumfa ba kowa, kowa kuma ya ce muku yara sun tafi gona. A ƙauyen alaramma kuwa, shi ne ƙofarku. Ki sa mayafinki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce kin zo neman izini ne a ƙara wa almajiransa ƙirge da karatun takardar asibiti da ta auduga. Ki bar shi ya zaɓi lokacin da ba zai ci karo da karatunsa ba. Alhamis da Juma'a ne hutunsu, Asabar ranar komawa allo ce, don haka zai yiwu ya ba ki tsakanin hantsi da azahar kawai. Ki karɓa da godiya.

Takardar haihuwa kuma kada ki ɗauke ta ƙaramin abu. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, lokacin rajistar CEP, wato jarrabawar gama firamare, da ta shiga sakandare ya zo, aka ce su kawo takarda babu, shekara shida ta tafi a banza. In wa'adin da doka ta bayar bayan haihuwa ya wuce, magajin gari ba ya iya rubutawa da kansa, sai an bi ta kotu, a samo shaidar likita kan shekarun yaron, a kawo shaidu. Talakan ƙauye ba ya iya wannan shi kaɗai. Amma akan yi zaman kotu na tafi-da-gidanka, alƙali ya fito ya yi wa yara da yawa a lokaci guda. Ku fara rubuta sunayen yaran tun zuwan farko: sunan yaro, na uba, na uwa, garin haihuwa, shekarar da ake zato. Ranar da aka ce za a yi zaman, wanda yake da jerin suna a hannu shi ake fara saurara. Jerin nan kuma shi za ku sa a gaba in kun tashi neman gwamnati ta mayar da rumfar makaranta tata.

Na yi tsawo, ki yi haƙuri da tsoho. Ki gai da mahaifiyarki, ki ce mata damuwarta tana kan hanya, uwa ce.

Ɗan Masunta, Lagdo:

Salamu alaikum. Baba Direkta, Allah ya ƙara girma. Ni ba malami ba ne, kifi nake saya ina kaiwa Garwa da Gawndare, amma ni ɗan irin ƙauyukan nan ne da ake zuwa, shi ya sa na ce bari in sa baki.

A bakin tafki aka haife ni. Tun da aka gama dam ɗin Lagdo a 1982 mutane suka taru daga ko'ina, Musgum da Kotoko daga Logon, Hausawa da Barebari daga Najeriya, har da mutanen Mali, kowa da sansaninsa, makaranta kuwa sai a cikin gari. Ina yaro wasu mutane suka zo mana da farar mota, suka raba riguna da alawa, suka jera mu aka ɗauki hoto, suka ce wata mai zuwa za su dawo da malami da kwanon rufi. Mahaifinmu da sauran dattawa suka bar kamun kifi suka share fili, suka kafa dirkoki. Dirkokin nan gara ce ta cinye su. Bayan shekaru da wani malami na gaskiya ya zo da niyyarsa, sai da ya sha wuya kafin a ba shi yaro ko ɗaya, don an riga an ce 'yan boko ba su da alƙawari.

To Yaya Malama, dalilin da zuciyarki ta ƙi biskit da gwanjo ke nan, ko ba ki iya faɗa ba. Ranar farko in kun zo da rabo, an ɗauke ku masu rabo. Asabar ta biyu gari zai cika, har da tsofaffi, in aka ga alli kawai kuka kawo, ta uku ba mai zuwa. Kuma akwai mutanen da ba su da ko sisi amma ba sa son a miƙa wa 'ya'yansu tsohuwar riga a bainar jama'a. In kun saba, kin ga yaron da ba shi da wando, ki ba uwarsa a ɗaki. Abin da za ku riƙe da ƙarfi shi ne rana. In kun ce Asabar, to Asabar. In wani abu ya hana, ku kira wayar jauro ko ku aika ta bakin masu zuwa kasuwar Pitowa ran Lahadi, a san ba mantawa kuka yi ba. In an kawo muku tuwo da miyar kuka ko fura a ƙwarya, ku ci ku sha, kada ku fito da gorar ruwanku da burodinku ku koma gefe. Ana kallo.

Wuri ɗaya ne ban bi Baba gaba ɗaya ba, ya yafe mini. Gaskiya ne wuni guda ba ya koyar da karatu. Amma kada Malama ta zauna a baya ta yi shiru har yara su ɗauka ta zo rakiya ne. Ƙanwata ba ta taɓa ganin mace Musulma da hijabi tana riƙe da alli ba sai ranar da wata ma'aikaciyar allurar rigakafi ta rubuta sunayenmu a littafi a gabanta. Ta yi kwanaki tana maganar matar nan, kuma daga nan ta tasa mahaifinmu a gaba sai da aka kai ta gidan gwaggonmu a Lagdo ta shiga lakwal. Yau ita ke karanta wa duk zuriyarmu takardar asibiti. Ki tsaya a gaba su gan ki, iyayensu mata ma su leƙo ta kan zana su gan ki.

Abu na ƙarshe, tun da kusa da ruwa ne: ki tambayi yara maza ko suna fitsarin jini. Za su ji kunya, sa saurayin ya tambaye su. Tsargiya ce, a wurinmu har ana ɗauka alamar balaga ce. Maganinta da na tsutsar ciki a makarantu ake rabawa, ƙauyen da ba shi da makaranta a rubuce sau da yawa tsallake shi ake yi. Ki kai sunayen ƙauyukan asibitin yankin.

Hajiya Malama, Njamena:

Sannu ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni daga tsallaken Logon nake rubutu. Kafin in dawo Njamena na yi shekaru ina malamar al'umma a wani ƙauye ta wajen Gelendeng, wato ni ce saurayin nan naku mai rumfa, sai dai mace. A nan Chadi irinmu ne suka fi yawa a firamaren karkara, ƙungiyar iyaye ke ɗaukarmu, wata shekara a biya da gero, shekarar da ambaliya ta ci gonaki kamar 2022 da 2024 kuwa sai haƙuri. Duk abin da Baba ya faɗa a kan mutuncin malamin nan gaskiya ne, na ɗanɗana. Baƙon da ya fi amfanata shi ne wanda ya tambaye ni me ya fi ba ni wuya kafin ya buɗe jakarsa.

Kan harshe, kada ki wahalar da kanki. Wanda yaran suke wasa da shi a tsakaninsu in sun fita, shi ne harshen bayani. A wurinku na tabbata Fulatanci ne, ko ɗan Tufuri ko ɗan Mafa da shi yake sayayya a kasuwa, kamar yadda Larabcin Chadi yake a wurinmu. Ki yi bayani da shi, ki ba da umarni da shi, Faransanci ya shigo kaɗan-kaɗan da sunayen abin da ido ke gani: hannu, ƙofa, akuya, ruwa. Ba laifi kike yi ba, dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 da kanta ta ambaci raya harsunan ƙasa. Jarrabawa da Faransanci za a yi, na sani, amma yaron da ya gane cewa wannan alama ita ke ba da wannan sauti a harshen da yake ji, ya riga ya haye, sauran sauya riga ne.

Kada ki bi littafin SIL shafi-shafi, kuma kada ki raba su da shekaru. Ranar farko ki kira su ɗaya-ɗaya, minti biyu kowanne: wannan bai san baƙi ba, wannan ya san baƙi bai iya haɗawa ba, wannan yana karanta kalma. Kashi uku ke nan. Za ki ga ɗan shekara goma sha biyu a kashin farko, 'yar shekara bakwai a na uku. A wani taron horo aka nuna mana wannan, aka ce wata ƙungiya ce a Indiya mai suna Pratham ta yaɗa shi, kuma na gwada na ga amfaninsa. Manyan da suka iya su riƙa jan ƙanana, malami ɗaya ya samu sararin numfashi. Almajiran alaramma kuma kada ki ɗauke su ba su san komai ba. Wanda ya wuce babbaƙu da farfaru ya san riƙon alƙalami, ya san haɗa baƙi da wasali, ya iya zama ya haddace. Abin da zai ba shi wuya shi ne fara rubutu daga hagu. Ki sa masa ɗigo a gefen hagu na allonsa, cikin 'yan makonni zai wuce sauran.

'Yan mata kuwa, ba a wurin jauro ake samo su ba, a madafa ake samo su. Uban zai ce miki ya yarda, amma uwar ce za ta rasa mai ɗebo ruwa da mai goyon ƙani da mai kai talla. Ki shiga gidaje, abin da abokin aikinki namiji ba zai iya ba. Ki zauna a tabarma, ki karɓi jariri, ki tambayi uwar wane lokaci ne yarinyar take samun sarari. Ki yarda ta zo da goyo a bayanta. Ki tabbatar akwai wurin kewayawa da aka kare da zana, nesa da na maza, don manyan 'yan mata saboda wannan kaɗai suke daina zuwa ba su faɗa wa kowa ba.

Rugar ce ban ba ki ƙarfin gwiwa sosai ba. Da safe yara maza suna bayan shanu, 'yan mata sun ɗauki nono sun tafi, lokacin da suke gida ke kin kama hanya. Kuma ranar da arɗo, shugaban rugar, ya ce a tashi, an tashi. Najeriya hukuma guda ta kafa saboda ilimin makiyaya tun 1989, har yau ba a ce an gama ba. In arɗo zai ba ku saurayi ɗaya ko biyu da za su riƙa zuwa babban ƙauyen suna koyo, su koma su koya wa ƙannensu da dare, su tafi da allunan duk inda aka yi ƙaura, wannan ya fi ku raba ƙarfinku uku.

Mai Kilando, Pitowa:

Malama ta Garwa, ni fasinja nake ɗauka, hanyar nan ita ce abincina. Ku riƙe direba ɗaya ko biyu da mutanen ƙauyen suka sani, kada ku riƙa tsayar da duk wanda kuka gani a tasha. Ku fita da an sallame asuba, ku baro can kafin la'asar, kada magariba ta same ku a daji ko da wasa. Kada a sa rana da hanya a Facebook, in za a sa hoto a bari sai an dawo. Katin ɗan ƙasa da takardar insfekta su kasance a jikinku saboda shingen jami'ai. A ɗauki tib na ajiya da famfo, ƙaya ta yi yawa. Daga Maris zuwa Afirilu zafi yana wuce digiri 40, a rage tsawon karatu a ƙara ruwa. Kuma hular kwano, don Allah, ko a kan hijabi tana zama. Ki nuna wa Mama wannan saƙo, in sha Allahu hankalinta zai ɗan kwanta.

Malamar CE1, Hausare, Garwa:

Na gode, na gode, Allah ya bar zumunci. Na kwafe duk abin da kuka rubuta na kai wa direkta, muka zauna da sauran malamai ran Laraba bayan an tashi. An yi gardama sosai. Maganar biskit da gwanjo an ajiye ta, labarin dirkokin nan na ɗan uwana na Lagdo shi ya kashe bakin kowa. An yarda ƙarfinmu ya tafi kan babban ƙauyen, kuma ni da abokin aikina ɗaya za mu riƙe shi har ƙarshen shekara maimakon a riƙa sauya fuska kowane zuwa. Na alaramma za a fara da gaisuwa tukuna, limamin unguwarmu ya ce zai raka mu. Rugar kuwa wasu sun ƙi a bar ta, suna cewa an riga an yi wa arɗo magana, janyewa yanzu shi ne ainihin saɓa alƙawarin da ake gudu. Ni ma na ga gaskiyarsu. Za mu je masa da shawarar Hajiya mu ji abin da zai ce da bakinsa.

Na kira saurayin a waya na yi masa tambayar da Hajiya ta ce, wato me ya fi ba shi wuya. Ya yi shiru, sannan ya ce abu biyu ne: allinsa yakan ƙare ya koma rubutu da gawayi a kan kwali, kuma yanzu da aka fara tsinkar auduga rabin yaran ba za su dawo ba sai bayan an auna. Ya ce in za mu zo, mu zo da hantsi, don da sassafe kowa na gona.

Baba, saura tambaya ɗaya. Alhajin da ya ɗauki nauyin mai ya ji labarin saurayin ya tausaya, ya ce zai riƙa ba shi albashi duk wata daga aljihunsa, iyaye su huta da haɗa masara. Na ji daɗi da farko, daga baya na fara tunani. Me kuka gani?

Tsohon Direkta, Marwa:

'Yata, a karɓi kuɗin Alhaji, yaron nan ya cancanta, amma kada a ce wa iyaye su huta. Masarar nan da suke haɗawa ita ta sa rumfar take tasu, ita ke ba su bakin tambayarsa in bai fito ba, ita ke sa uba ya koro ɗansa daga gona don kada buhunsa ya tafi a banza. Kasuwa kuma yau da gobe ce, in Alhaji ya samu karaya shekara mai zuwa, iyayen da suka saba hutawa ba za su koma haɗawa da sauƙi ba. A ce musu nasu yana nan yadda yake, na Alhaji ƙari ne a kai. A faɗi adadin a gaban jauro da dattawa biyu, a rubuta a littafin nan da na ce miki, duk wata saurayin ya sa hannu ya karɓa. In Alhaji yana da sauran niyya, ya sayi fenti a sake shafe allon, ya ajiye wani abu saboda kuɗin takardun kotu na yaran da suka fi girma, don su ne lokaci ya fi ƙure wa.